Tafiya a gaɓar tekun arewacin Norwe: wane wata ya dace, wanne ne kasada?

A watan Agustan bara autanmu, wanda ke karatun harkar kifi a jami'ar Tromso da ke can ƙuryar arewacin ƙasar Norwe, ya aiko da saƙon murya a rukunin gidanmu na WhatsApp. Daga jin muryarsa ka san yana cikin murna. Wai shi da abokansa huɗu za su haɗa kuɗi su yi hayar jirgin ruwa mai tafiya da iska, irin mai ƙyallen nan, su yi mako guda suna bin gaɓar teku daga garin Bodo zuwa tsibiran Lofoten. Ɗaya daga cikinsu ɗan ƙasar ne, yana da takardar tuƙin jirgi. Sun ma samu rangwame: in suka ɗauki jirgin a farkon Oktoba, kusan rabin kuɗin watan Yuli za su biya.

Mahaifiyarmu ta saurari saƙon sau biyu, ta ajiye wayar a kan tabarma, ta dube ni. Da yake ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana. Ta ce, "Ticha, kai ne mai koya wa yara taswira. Ka duba mini. In ka ce ya je, ya je. In ka ce a'a, ni ma a'a."

Ni da ruwa mafi girma da na taɓa haurawa shi ne tafkin Volta, daga Yeji zuwa Makango, ga shi an ɗora mini hukuncin tekun da ke ƙarshen duniya. Na yi mako biyu ina karatu bayan an tashi makaranta, ina kuma yi wa abokin nasu matuƙi tambayoyi. Abin da na tattara shi ne zan kawo a nan, domin 'ya'yanmu da ƙannenmu na Zango da ke karatu ko aiki a ƙasashen arewacin Turai sun fara yawa, kuma irin wannan gayyata za ta ci gaba da zuwa.

Tekun da ba ya daskarewa

Tromso tana kan digiri 69 arewa da tsakiyar duniya, Kumasi kuwa ba ta kai digiri 7 ba. A wasu sassan Kanada da Rasha da ke daidai wannan layi, teku kan daskare ya zama ƙanƙara tsawon watanni. Amma tashoshin jiragen ruwan Norwe a buɗe suke duk shekara, saboda ruwan ɗumi da ke tasowa daga yankin tekun Meksiko, ya ratsa Atlantika, ya bi gefen ƙasar har sama. Shi ya sa tun 1893 jiragen Hurtigruten ke jigilar mutane da wasiƙu da kaya a wannan gaɓa, kuma a yau hanyar ta taso daga Bergen har Kirkenes kusa da iyakar Rasha, tana tsayawa a tashoshi 34, rani da hunturu.

A nan ne mutane ke ruɗuwa. Sai ka ji an ce ai jirgi na bin hanyar kowace rana, don haka kowane wata daidai ne. Babban jirgin ƙarfe mai tsawon fiye da mita 100 daban, jirgin haya mai mita 11 ko 12 da ɗalibai biyar a ciki daban. Babbar motar Accra zuwa Tamale tana ratsa ruwan saman da mai babur dole ya fake.

Fara da lissafin haske

Mu a nan dare da rana kusan kunnen doki suke yi duk shekara, bambancin ba ya kai awa ɗaya. A arewacin Norwe haske shi ne abu na farko da matafiyi ke lissafawa. Duk garin da ya haura digiri 66 da rabi yana da lokacin da rana ba ta faɗuwa sam. A Bodo hakan na farawa daga farkon Yuni zuwa wajen mako na biyu na Yuli. A Tromso daga kusan 20 ga Mayu zuwa kusan 22 ga Yuli. A hunturu kuma abin ya juye: daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu mutanen Tromso ba sa ganin rana ko kaɗan.

Ga matuƙin ƙaramin jirgi wannan haske kariya ce babba. Gaɓar cike take da dubban tsibirai da duwatsun da ke kwance ƙarƙashin ruwa, ga gonakin kiwon kifi da igiyoyinsu, ga ragar masunta. In rana ba ta faɗuwa, babu gaggawar isa tasha kafin duhu. In iska ta ƙi da safe, sai ka jira ta kwanta ko da ƙarfe goma na dare ne, ka tashi kana ganin komai.

Daga ƙarshen Satumba kuwa dare ya riga ya kamo rana, kuma kowane mako ana rasa kusan awa ɗaya na haske. Wanda ya tashi a Oktoba, duk wani ɗan jinkiri, ko injin ya yi gardama ko iska ta juya, zai kai shi ga shiga baƙuwar tasha cikin duhu da sanyi, bayan ya wuni yana fama.

Daga ina guguwar take zuwa?

Yadda nake yi wa ɗalibaina bayani, iska tana gudu ne daga inda ta yi nauyi zuwa inda ta yi sauƙi, kuma abin da ke haifar da wannan bambanci shi ne zafi da sanyi. A watannin Yuni da Yuli rana na dukan yankin ƙanƙara dare da rana, don haka tazarar sanyi tsakanin can sama da kudu tana raguwa. Guguwar da ke haɗuwa a wajen Aisland ta nufo Norwe ba ta da yawa a lokacin, ba ta kuma cika ƙarfi ba. Da zarar Satumba ta shigo, arewa ta fara hucewa da sauri alhali teku na riƙe da ɗuminsa, sai tazarar ta buɗe, guguwa ta riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya daga kudu maso yamma.

Tarihin gaɓar ya nuna haka. A daren 13 wayewar 14 ga Oktoban 1899, masunta sun fita kamun herin, dangin amanen da muke saye a kasuwa, kusa da ƙauyen Titran. Guguwa ta auka musu cikin duhu, mutum kimanin 140 ba su dawo ba. Waɗannan fa mutane ne da aka haifa a bakin ruwan.

Ko manyan jirage na zamani ba su tsira ba. Ranar 23 ga Maris 2019 jirgin yawon buɗe ido mai suna Viking Sky, da mutum 1,373 a cikinsa, ya shiga mashigin Hustadvika ana tsaka da iska. Baƙin man da ke tankunan injinansa bai kai yadda ya kamata ba, tangal-tangal ɗin igiyar ruwa ya sa injinan suka mutu, jirgin ya doshi duwatsu har saura ƙiris. Sai da jirage masu saukar ungulu suka kwashe mutum sama da 470 ɗaya bayan ɗaya. A farkon Fabrairun 2024 kuma guguwar da aka sa wa suna Ingunn ta kai gudun kusan kilomita 195 a awa a gaɓar Helgeland.

Akwai kuma wata ƙaramar guguwa ta musamman da ke haɗuwa idan iska mai tsananin sanyi ta taso daga kan ƙanƙara ta bi ta kan ruwan ɗumi. Ba ta da faɗi, tana tasowa cikin 'yan awoyi da dusar ƙanƙara, tana kuma da wuyar hasashe. Lokacinta daga Oktoba ne zuwa Afrilu. A watannin zafi ba a fama da ita.

Kada a ɗauka Yuli ba shi da nasa hali. Idan gari ya yi kyau, iska kan taso daga arewa ta ƙara ƙarfi bayan azahar, ta kwanta da dare. Wanda ya nufi kudu tana tura shi, wanda ya nufi arewa yana karo da ita. Sannan a ƙarƙashin dogayen duwatsu iska kan sulalo daga sama ba sallama, ta bugi ƙyallen jirgi ta kwantar da shi gefe guda, ko da hasashen ranar ya ce lafiya lau.

Wuraren da ba a wasa da su

Yawancin hanyar tana bi ne ta bayan tsibirai, inda ruwa ke kwance kamar tafki. Amma akwai giɓi-giɓi da babu tsibirin da ya tare, inda babban teku ke shigowa kai tsaye. Sanannu su ne Stad, da Hustadvika, da Folda, da Vestfjord, da Lopphavet. Stad ta yi ƙaurin suna har an shafe shekaru ana maganar fasa dutse a yi wa jirage rami mai tsawon kilomita 1.7 don su kauce mata.

Wanda ya shafi autanmu shi ne Vestfjord, ruwan da ya raba Lofoten da sauran ƙasar. Bakinsa a buɗe yake ta kudu maso yamma, wato daidai inda muguwar iska ke fitowa, sai igiyar ruwa ta shigo ta yi ta tsukewa tana ƙara tsayi. Daga Bodo zuwa Reine kusan kilomita 90 ne. Jirgi mai ƙyalle yana yin kilomita 9 zuwa 11 a awa, don haka wuni guda cur za a yi a fili ba wurin fakewa. Masu hankali kan bi gefen ƙasa su haura arewa ta Kjerringoy da Steigen tukuna, su tsallaka inda ruwan ya tsuke zuwa Skrova ko Svolvaer, tafiyar da ba ta wuce kusan rabin waccan ba.

Sai maganar cikowa da janyewar teku. A kudancin Norwe bambancin kaɗan ne, amma a wajen Bodo yana kai mita 2 zuwa 3. Duk wannan ruwa dole ya kutsa ta ƙananan mashigai sau huɗu a yini. A Saltstraumen, kusa da Bodo, mashigin faɗinsa mita 150 ne kawai, kuma gudun ruwan kan kusanci kilomita 37 a awa, ya ninka gudun jirgin haya sau uku, ga manyan wuraren da ruwa ke juyawa kamar ana dama fura. A ƙarshen Lofoten akwai Moskstraumen, wanda Turawa suka daɗe suna ba da labarinsa. Ana ratsa irin waɗannan wurare ne a ɗan lokacin da ruwa ya tsaya kafin ya juya, kuma akwai jadawalin da ke nuna lokacin.

A nan lissafinmu na wata yana da amfani. Ƙarfin wannan ruwa ya fi tsananta a kwanakin tsayuwar sabon wata da kuma daren sha huɗu da 'yan kwanakin da ke biye, ya fi sauƙi a wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu. Idan iska ta fito ta wani gefe, ruwa kuma yana gudu yana karo da ita, igiyar ruwa kan miƙe tsaye gajeru-gajeru. Abokin autanmu ya ce wannan haɗuwa ita ce ya fi tsoro fiye da iska ita kaɗai.

Wata bayan wata

Janairu zuwa Afrilu lokacin masunta ne. A nan ne kifin kod ke gangarowa daga tekun Barents ya zo yin ƙwai a Lofoten. Ana kama shi, a rataye a kan manyan katakai daga Fabrairu har zuwa Mayu ko Yuni, iska mai sanyi ta busar da shi ba gishiri. Shi ne busasshen kifin nan mai tauri da 'yan Najeriya ke kira okporoko ko panla, kuma Najeriya ce babbar kasuwar busassun kawunansa. Italiyawa ma sun san shi ta hanyar hatsarin teku: a Janairun 1432 wani ɗan kasuwar Benis mai suna Pietro Querini ya faɗo tsibirin Rost bayan guguwa ta lalata jirginsa. Cikin mutum 68 da suka taso, 11 ne suka rayu, masunta suka riƙe su har gari ya yi kyau, ya koma gida da kifin. Wanda ke son ganin wannan lokaci, da hasken nan mai launin kore da ke rawa a sama da dare, ya hau babban jirgi. Ba lokacin koyon tuƙi ba ne.

Mayu wata ne mai ƙarancin ruwan sama, sararin sama garau, dusar ƙanƙara na kan duwatsu. Amma teku bai huce daga sanyin hunturu ba, iska na yanka fuska, wasu ƙananan tashoshin baƙi da shaguna ba su gama buɗewa ba. Ya dace da wanda ya saba kuma yake da kayan sanyi na kirki.

Yuni, musamman daga tsakiyarsa, shi ne inda abubuwa suka fi haɗuwa. Haske bai yankewa, ruwan sama bai yi yawa ba, tashoshi sun buɗe, jama'a ba su cika ba. Tsuntsayen teku na kan ƙwai, don haka akwai tsibiran da doka ta hana sauka a kansu daga tsakiyar Afrilu zuwa Yuli. A tsibiran Vega, waɗanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2004, har yanzu mutane na gina wa agwagin teku ɗakunan kwana suna tattara gashinsu mai laushi.

Yuli ya fi kowane wata ɗumi, amma a fahimci abin da ake nufi da ɗumi: matsakaicin zafin Tromso a watan kusan digiri 12 ne, wato ƙasa da asubahin hunturu a Bawku. Makonni ukun ƙarshe na watan hutun ma'aikatan ƙasar ne, tashoshi kan cika, farashi ya hau. Akan yi kwanaki babu iska, sai tafiya da inji. Shi ne kuma lokacin hazon teku, wanda ke samuwa idan iska mai laima ta bi ta kan ruwan sanyi. Ba irin hazon hunturunmu mai ƙura ba ne, farin tururi ne mai jiƙa riga, yana iya rufe tsibiri cikin mintuna alhali can kan dutse rana na haskawa. Ya fi yawa a can sama wajen Finnmark.

Agusta, rabinsa na farko yana da kyau. Ruwan teku ya kai iyakar ɗuminsa, jama'a sun fara komawa aiki. Daga tsakiyarsa dare ya fara dawowa, ruwan sama ya ƙaru, guguwar farko ta fara leƙowa.

Satumba zuwa Disamba a bar wa ƙwararru. A Bergen, inda ruwan shekara ya haura milimita 2,000, ninki biyu na Tamale, waɗannan ne watannin da suka fi jiƙa. Rangwamen da aka yi wa su autanmu ba alheri aka yi musu ba. Mutanen ƙasar suna fitar da jiragensu daga ruwa ne a lokacin, masu haya suna neman wanda zai ɗauka. Araha dai ba ta ado.

Ruwan da ke kashewa da sanyi

Wannan ne ya fi tayar mini da hankali, domin yaranmu sun saba da tekun Labadi da Cape Coast, inda ruwa ke haura digiri 25 a yawancin shekara. A Lofoten ko a tsakiyar lokacin zafi ruwan bai cika wuce digiri 12 ko 13 ba. Wanda ya faɗa ciki, a mintin farko numfashi ke ƙwace masa, ya riƙa haki yana haɗiyar ruwa. Cikin kamar minti goma yatsu da hannuwa su daina jin magana, ko igiya aka jefa masa ba zai iya riƙewa ba. Iya ninƙaya ba ya hana wannan. Abin da ke ceto shi ne rigar da ke hana nutsewa, a jiki, a ɗaure, da igiyar da ke maƙale mutum da jirgi idan ruwa ya tashi.

Dokar Norwe tun watan Mayun 2015 ta wajabta sa rigar a duk jirgin shaƙatawa da bai kai mita 8 ba muddin yana tafiya. A manyan jirage dole ne a tanadi ta kowa, amma matuƙin kirki ba ya bari a ajiye ta a ƙarƙashin kujera. Haka kuma duk wanda aka haifa daga 1980 zuwa sama sai da takardar tuƙi zai ja jirgin da ya wuce mita 8. Ka nemi ganin takardar, ka kuma tambayi sau nawa mutumin ya taɓa bin wannan hanya. Ba rashin kunya ba ne.

Zaɓen wata rabin aiki ne, saura zaɓen rana

Hasashen yanayi a Norwe kyauta ne a manhajar Yr, wadda hukumar yanayin ƙasar da gidan rediyo da talabijin na NRK ke gudanarwa. Shafin BarentsWatch kuma yana nuna tsayin igiyar ruwa a waɗancan giɓi masu hatsari. Ga abin da matuƙin ya ce yana dubawa kowace safiya.

Ƙarfin iska, har da bugun da take yi lokaci-lokaci, domin shi ne ke kwantar da jirgi. Da zarar an ambaci kalmar kuling, wato iskar da ta kai kilomita 39 a awa zuwa sama, baƙi su zauna a tasha.

Inda iskar ta fito. Iska ɗaya ce za ta zama wasa a bayan tsibiri, ta zama bala'i a Vestfjord.

Igiyar ruwan da guguwar jiya ta bari. Iska kan kwanta, teku ya ƙara yini guda yana huci.

Lokacin juyawar ruwa a mashigan da za a bi.

Hasashen da ya wuce kwana uku a ɗauke shi a matsayin nuni kawai. Cikin kowane mako guda a ware kwana biyu na zaman jira, kuma kada a sayi tikitin jirgin sama na washegarin ranar da ake sa ran dawowa. Yawancin munanan shawarwari a teku daga nan suke fitowa: mutum ya ga ruwa bai yi ba, amma Litinin yana da aiki. A san cewa tashar kiran gaggawa a rediyon jirgi ita ce ta 16, a waya kuma 120 na haɗa mutum da rediyon gaɓa. Ƙungiyar ceto ta Redningsselskapet, wadda aka kafa a 1891, tana da jirage a duk tsawon gaɓar. Mai tasowa daga nan gida kuma ya tuna Norwe na cikin tsarin bizar Shengen, ana iya nema tun wata shida kafin tafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambayar da tsohuwa ta fara yi

Da na gaya wa mahaifiyarmu cewa lokacin da ya fi aminci shi ne lokacin da rana ba ta faɗuwa, ba ta tambayi iska ba. Cewa ta yi, "To magariba fa?" Musulmin Tromso sun daɗe da fuskantar wannan. A makonnin da babu faɗuwar rana, masallacinsu na bin jadawalin Makka, wasu kuma na bin na gari mafi kusa da ake samun dare da rana. Matafiyi ya tambayi malamansa ya tsayar da guda kafin ya tashi, ya sa agogo, domin jiki ba zai gaya masa lokaci ba. Azumi kuwa, wanda a 2015 ya faɗo tsakiyar Yuni, yanzu ya ja baya zuwa farkon shekara, zai kuma daɗe bai koma watannin zafi ba.

Yadda aka ƙare

Na kira autanmu na ce Oktoba a'a, ƙarshen Yuni e. Bai ji daɗi ba. Ya ce, "Yaya, kai da ba ka taɓa ganin wurin ba." Gaskiyarsa ne. Ya ce mai yiwuwa makon nan na Oktoba ya zo lafiya lau, wannan ma gaskiya ne, akan samu irinsa. Na ce masa ni ba ranar nake zaɓar masa ba, ina duba ne cikin makonni goma irin wannan nawa ne ke zuwa lafiya, kuma in ya ƙi, me zai same su a cikin duhu da ruwan sanyi. Ashe abokin nasu matuƙi ma bai natsu da Oktoban ba, kunyar kuɗin abokansa ce ta hana shi magana. Biyu daga cikinsu suka janye saboda tsada, aka samu wasu. Autanmu ya ƙara aikin ƙarshen mako duk tsawon hunturu kafin ya cike nasa kason.

Sun tashi daga Bodo a makon ƙarshe na Yunin bana. A rana ta biyu iskar kudu maso yamma ta taso da ruwan sama, suka yi kwana biyu a ɗaure a wata ƙaramar tasha a Steigen, suna shan shayi suna kallon farar kumfa a Vestfjord. A rana ta huɗu iska ta kwanta da yamma, suka ƙara jira igiyar ruwa ta sauka, suka kwance igiya ƙarfe tara na dare.

Ƙarfe goma na dare agogon Kumasi, sha biyu a wurinsu, wayar tsohuwa ta yi ƙara. Ta miƙo mini in danna mata hoton. Ga shi nan cikin hular sanyi, hanci ja wur, bayansa haske kamar la'asar sakaliya, rana ta sauko daf da kan duwatsun Lofoten ta tsaya. Ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Allah mai iko. Ina rigar da Ticha ya ce?" Ya sauke wayar ƙasa kaɗan ya nuna mata, a ɗaure har wuya. Ta ce to, ya kira ta in sun taka ƙasa, ko ƙarfe nawa ne. Sun shiga Skrova kafin ta tashi sallar asuba.

Har yanzu in muka yi waya sai ya tuna mini cewa yana bina bambancin kuɗin Oktoba da na Yuni. Na ce ya rubuta, zan biya ranar da albashin malaman makaranta ya kai.